Igiyar Baba a Gaban Alƙalan Kwatano

A Sagbana na fara sanin na bar ƙasata. Daga Tsamiya zuwa can ba wata tafiya ba ce, gonakin dawa iri ɗaya ne, shanun Fulani iri ɗaya, amma da jandarma, ɗan sandan can, ya miƙo hannu ya yi mini magana da Faransanci sai na tsaya ina kallon bakinsa. Da na ga shirun zai yi yawa, sai na gaishe shi da Dandanci, yaren da muke ji a bakin iyaka. Ya dube ni, ya amsa, ya duba katina ya ce in wuce. Na ce a raina ashe abin da sauƙi.

Sunana Sama'ila, mutumin Geza ne ni, a ƙasar Bagudo. Shekarar da na fita, ruwa ne ya cinye mana shinkafa tun tana ciki, har da 'yar masarar da ke kan tudu. Ina da mata, Rabi, da 'ya'ya huɗu, ga mahaifina da ƙarfinsa ya fara ƙarewa. An ce mini a Kandi ana ɗaukar ma'aikata lokacin auduga, shi ya sa na nufi can.

A tashar Kandi wani mutum ya tare mu, mu uku da muka sauka daga mota ɗaya. Farar riga ce a jikinsa, ga carbi a hannu, Hausarsa kamar a Birnin Kebbi aka haife shi. Ya ce shi ne mai kai mutane masana'antar gurzar auduga, abin da ya rage kawai mu je a ɗauke mu hoto. Ya nuna wani shago ya ce nasa ne, mu ajiye jakunkunanmu a bakin ƙofa kada mu yi ta yawo da kaya. Da muka dawo da hotunan babu shi, babu jakunkuna. Mai shagon tela ne, ya rantse bai taɓa ganin mutumin ba sai ranar. Ba kayan sawar ne suka fi ƙona mini rai ba, ƙullin dakuwar da Rabi ta yi mini ne, ban ko taɓa ta ba, ina ajiyarta sai ranar da kewar gida ta yi tsanani.

Ladanin wani ƙaramin masallaci ne ya gan ni zaune bayan la'asar har kowa ya watse. Bai tambaye ni abin da ya faru ba. Ya shiga gida ya fito da kwanon tuwo da tsohuwar riga, ya nuna mini zaure. Sati uku na yi a wurinsa ina dakon auduga a tasha. Har na bar garin ban san sunansa ba, kowa Ladan yake ce masa.

Wata motar kaya ce ta kai ni Faraku, na biya kuɗin motar da lodi da sauke kaya. A can na zauna wata biyar ina dako a babbar kasuwa. Dandanci na yi mini aiki, Hausa ma haka, amma kullum in na ji kiran sallar azahar sai zuciyata ta koma Geza, in riƙa lissafa ko wa ke cin abinci, ko wa ya tafi kogi.

Wata rana ana ɗaure lodin tsofaffin robobi a kan mota sai igiyar ta tsinke. Direba ya hau faɗa, babu mai sayar da igiya kusa. Na ga tarin buhunan taki da aka zazzage, ga guntun tsohon taru na masunta da aka rufe kaya da shi. Na ce su ba ni ɗan lokaci. Na warware buhunan sili-sili, na yi tufka irin ta babana. Yadda ake yin ta, sili uku na zaren buhu ake murɗawa hagu, a sa zaren taru ɗaya a tsakiya a murɗa shi dama, sannan a ja igiyar a kan garwashi da sauri, zafin ya sa zaren ya kama juna ba tare da ya narke ba. Igiyar da aka yi haka ba ta santsi a ruwa, in an yanke ta kuma ba ta warwarewa. A wurin mai shayi na ari garwashi.

Mai lodin yana tsaye yana kallo tun daga farko. Siriri ne mai tabarau, Injiniya Dosu, ma'aikacin wani kamfanin kayan roba a Kwatano, ya zo arewa sayen tsofaffin robobi. Ya karɓi igiyar ya jiƙa ta, ya ja, ya yanke da wuƙa, ya yi ta jujjuya bakin yankan. Ta bakin direba ya tambaye ni ko ina son aiki. A kan wannan lodin na shiga Kwatano.

Ban taɓa ganin teku ba sai a can. Ban taɓa ganin babura da yawa haka ba, kowane mai babur da rigarsa rawaya. Dandancina ya daina amfani, sai magana da hannu. Abincinsu tsami ya yi mini, na fi wata ina rayuwa da burodi da shayi.

Dole in faɗi gaskiya game da Injiniya Dosu, domin abin da ya biyo baya ba zai shafe ta ba. Ya ba ni ɗaki a bayan gidansa, ina gadi da rana, ina yin tufka idan ya dawo. Matarsa ta gane ba na cin abin da aka dafa a tukunyarsu saboda naman da suke ci, sai ta sayi sabuwar tukunya ta ce wannan tawa ce. Da zazzaɓi ya kwantar da ni har ba na gane mutane, shi ya ɗauke ni a kafaɗa ya sa a mota ya kai asibiti, ya zauna har na farfaɗo. Shi ya koya mini 'yan kalmomin Faransancin da na sani. Idan ina tufka yakan ɗauki hoto da wayarsa, ya auna kaurin zaren, ya ƙirga murɗin, ya rubuta a littafi. Ni kuwa daɗi nake ji, mai ilimi yana rubuta aikin babana.

Bayan shekara biyu kamfaninsu ya haɗa wani inji da ke yin wannan tufkar, har da hura mata zafi. Ya kai ni na gani. Abin da nake yi a wuni, injin na yi kafin a sha shayi. Ba da daɗewa ba ya ce za su koma wani gida da kamfani ya ba shi, can akwai masu gadi. Muka rabu lafiya, har ya ba ni agogo.

Na koma Zongo, unguwar 'yan arewa. A can na sami aiki wurin Hajiya Salamatu, Badandiya ce 'yar Kandi, mijinta ya rasu ya bar mata wani fili da rumfar kwano. Mata goma sha biyu ke warware mata tsofaffin buhuna suna saƙa tabarmi da igiyar shanya. Na koya musu tufkar Baba. Kafin shekara ta zagayo masunta sun gano mu, suna zuwa tun daga bakin teku, masu kwale-kwale na tafki ma haka. Hajiya ta ƙara mata har suka kusa ashirin. A lokacin ne na fara aika wa gida abin da ake kira aike, na sa yarana biyu makaranta, na je gida sau biyu da sallah.

Shekara ta uku, wata safiya, ma'aikacin kotu ya zo da 'yan sanda biyu da takarda. Ya karanta, babu wanda ya gane. Suka kwashe igiyoyin da muka gama, suka sa kwaɗo a ƙofar rumfar. Matan suka tsaya a titi da zaren buhu a hannunsu.

Hajiya ta ɗauki lauya, wata mata mai suna Madam Odet, uwarta 'yar Faraku ce don haka tana jin Dandanci kaɗan. Ita ta fahimtar da mu. Ta ce akwai takardar da hukuma ke bai wa wanda ya ƙirƙiro sabon abu, takardar mallakar fasaha, wadda ke hana kowa yin irin abin na tsawon shekaru sai da izininsa. Kamfanin ya karɓi irin wannan takarda a kan igiyar roba mai sili uku hagu, ɗaya dama, da kamawar zafi. Ta juya shafin ta nuna mini sunan wanda aka ce ya ƙirƙira. Ban iya karatun Faransanci ba, amma na san yadda ake rubuta Dosu, shekara biyu ina karɓar masa wasiƙu.

A kotun farko na tsaya da tafinta na faɗi duk abin da na sani. Lauyan kamfani ya tashi ya yi mini tambaya ɗaya: shin na zauna a gidan Injiniya Dosu shekara biyu ko ban zauna ba? Na ce na zauna. Ya juya ga alƙali ya ce to ga shi, mai gadi ne da ya ga aikin maigidansa ya sace ya kai Zongo. Tafinta ya fassara mini. An sace mini jaka a Kandi na haƙura, amma ba a taɓa kirana ɓarawo ba sai ranar. Alƙali ya ce magana ta baki ba hujja ba ce. Muka faɗi.

Hajiya ta ce a bar shi haka, ta gaji, za ta sayar da filin ta koma Kandi. Madam Odet ta ce akwai ɗaukaka ƙara, kuma doka na tare da mu in za mu iya nuna abu ɗaya: cewa mutane sun san wannan tufka a fili, a ko'ina ne a duniya, kafin ranar da kamfani ya nemi takardarsa. Amma sai da shaida mai ɗauke da lokaci. Ta ce mini, "Sama'ila, na yarda da kai. Alƙalai kuwa ba yarda suke nema ba. Abin da zai faɗi shekararsa da kansa suke nema."

Na yi ta kiran gida. Igiyoyin Baba suna ko'ina a Geza, a wuyan awaki, a jikin jirage, har Kende ana sayensu, amma igiya ba ta da ranar haihuwa. Ƙanena ya ɗauki Baba a waya yana tufka yana bayani, Madam Odet ta ce za su ce jiya aka koya masa. Muka nemi tsohon hoto, ba mu samu ba. Wata biyu aka yi haka. Na koma dako a tashar jirgin ruwa, matan rumfa wasu suka kama tallan ruwa, wasu suka koma garuruwansu.

Rabi ce ta samo. Muna waya wata rana da hantsi, tana dawowa daga ɗebo ruwa, ina ta ƙorafin babu abin da ke da shekara a jikinsa. Ta ce, "To ai ga maɗaukin rijiyar masallaci. Igiyar Baba ce aka dasa cikin siminti don rataya guga, kuma birkila ya rubuta shekara da ƙusa a gefenta. Kullum a kanta nake dafa hannu." Na tuna. Ina saurayi aka gina bakin rijiyar, ni ma na ɗauki yashi. Shekara goma sha wani abu ke nan kafin in san akwai wani mutum mai suna Dosu a duniya.

Madam Odet ta nemi kotu ta yarda a kawo shaidar. Lauyan kamfani ya ce hoto ba zai nuna cikin igiya ba, kotu ta ce to a kawo abin da kansa. Muka kama hanya, ni da ita da wani ma'aikaci mai rubuta abin da ya gani ya buga hatimi. Na sake bin Faraku da Kandi da Sagbana, wannan karo a kujerar mota. A Kandi na roƙa aka tsaya na je masallacin nan, aka ce Ladan ya rasu bara.

A Geza ba a ba mu rijiyar nan take ba. Ita ce mai ruwan daɗi a garin, mata suka ce in an fasa bakinta ƙasa za ta riƙa zuba, kuma damina ta kusa. Wani dattijo ya ce ina ruwan Geza da rigimar mutanen Kwatano. Maigari ya tara mutane a gindin ɗorawa. Na tashi na ba da labarin matan rumfa, na faɗi abin da aka kira ni a gaban alƙali. Sannan na zauna. Baba yana zaune a kan buzunsa, idanunsa sun riga sun yi hazo. Ya ce, "Ku bari a yanke. Ɗana bai ɗauki abin kowa ba, kuma ba ni son in kwanta da wagga magana bisa kainai." Maigari ya ce a yanke.

Birkilan da ya gina ta yana nan da rai a Kende, aka ɗauko shi a babur. Ya duba rubutun ya ce hannunsa ne, ya dangwala yatsa a takarda, maigari da liman suka sa hannu. Shi da kansa ya sassare wurin da kurfi da guduma, a hankali, har ya ciro dunƙulen siminti kamar girman tulu, da igiyar da shekarar duka a jikinsa. Muka rufe giɓin da kwano da duwatsu.

A iyaka jami'in kwastan ya buɗe buhun ya ga siminti. Ya ƙwanƙwasa shi, ya kira abokin aikinsa, suka ce sai an fasa a ga abin da aka ɓoye a ciki. Na rungume dunƙulen kamar jariri. Madam Odet ta yi ta nuna takardun kotu kusan awa biyu a rana kafin suka bar mu, suna mana kallon marasa hankali.

Kotun ɗaukaka ƙara alƙalai uku ne. Aka ɗora dunƙulen a kan tebur, a gefensa igiyar kamfani sabuwa fil, shuɗiya, mai sheƙi. Tamu ta koɗe, ta yi baƙi da hannun mata. Lauyan kamfani ya ce kowa na iya zana shekara da ƙusa. Ya ce ko da tsohuwa ce, zaren buhun taki ba shi ne zaren kamfani ba. Ya ce kuma ƙauye ɗaya a wata ƙasa ba shi ne duniya ta sani ba. Madam Odet ta ce rijiyar masallaci ba ɗakin ɓoye ba ne, duk wanda ya ji ƙishi ya gan ta. Alƙalai suka ba da dunƙulen ga wani masani na jami'a ya bincika.

Wata huɗu muna jira. Da rahoton ya zo, ya ce an yi rubutun tun simintin yana ɗanye, ba daga baya aka kankare ba. Ya ce simintin ya daɗe ƙwarai, ko da yake ba zai iya faɗin shekararsa daidai ba. Ya fasa gefe ya ciro ɓangaren igiyar da rana ba ta taɓa gani ba, ya same shi fari tas: sili uku hagu, ɗaya dama, da alamar wuta. Zaren kuma dangin roba ɗaya ne da na kamfani.

Ranar hukunci ban gane komai ba sai da na ga Madam Odet ta ajiye alƙalaminta ta rufe ido. A waje ta yi mana bayani. An soke takardar a kan tufkar, kowa na iya yin ta. Injin kuwa an bar wa kamfani, domin shi sabon abu ne da gaske. Ba a ba mu diyyar komai ba. Hajiya Salamatu ta zauna a kan matakala ta rufe fuska da mayafi.

Injiniya Dosu ya same ni a bakin ƙofar kotu. Ya rame, gashinsa ya fara fari. Tun da aka fara shari'ar bai taɓa haɗa ido da ni ba. Da ɗan Faransancina da 'yar Hausar da ya tsinta a wurina muka yi magana. Ya ce a makaranta an koya musu abin da ba a rubuta ba ba na kowa ba ne, shi kuma ya rubuta. Ya ce maganar sata ba shi ya sa lauya ya faɗa ba, amma ya ji ta bai hana ba. Na yi niyyar faɗa masa maganganu da yawa, na daɗe ina tsara su. Da na buɗe baki sai na ji ina tambayarsa lafiyar madam. Ya ce tana nan. Muka yi musabaha, kowa ya kama hanyarsa. Har yau ban san ko na yafe masa ba. Na dai san ba na iya yi masa mugun fata.

Aka buɗe rumfa da mata bakwai, sauran sun riga sun watse. Da abubuwa suka ɗan daidaita na nemi izinin Hajiya, na tafi gida da buhun siminti biyu. Birkila ya gyara bakin rijiyar a wuni ɗaya, mata na tsaye a kansa suna ba shi umarni.

Da la'asar na zauna kusa da Baba a ƙofar gida. Na ba shi labarin alƙalai uku da masanin jami'a, na ce masa yanzu sunansa na cikin takardun kotu a Kwatano, an rubuta cewa tufkarsa ce ta riga. Ya saurara yana murza wani zaren buhu a cinyarsa, hannunsa ba ya zama haka nan. Ya tambaye ni ko yanzu kowa na iya yin ta. Na ce kowa.

Ya ce, "To madalla. Amma sun yi kuskure wurin suna. Ai ba ni na hwara ta ba."

Na ce wa ya fara?

Ya ce wani masunci ne, mutumin Madekali, can ƙetaren iyaka, a ƙasar da na je shari'ar. Sun haɗu a bakin kogi shekarar da buhunan taki suka fara yawa, ruwa ya tsare su wuni guda a rumfa ɗaya, mutumin ya nuna masa, shi kuma ya ba shi goro. Na tambayi sunansa. Baba ya ci gaba da murza zarensa.

"Ban tambaye shi ba," ya ce. "Miƙo min wancan zaren."